Yadda Ake Gano Matsalar Yawa ko Ƙarancin Mai a Kwanon Kafireto, da Yadda Ake Gyara Ta

Kusan duk injin fetur da ke aiki da kafireto, ko na babur ne, ko na janareto, ko injin ban ruwa da manoman rani ke kaiwa fadama, yana da ɗan kwano a ƙasan kafireton inda mai ke taruwa kafin injin ya zuƙe shi. Masu ƙera injin sun auna girman jet ɗinsa, wato 'yar kafar da mai ke bi daga kwano zuwa injin, bisa sharaɗin cewa mai zai tsaya a wani ƙayyadadden mataki a cikin wannan kwano. Fetur yana ƙonewa sarai idan ya samu kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai bisa nauyi, kuma bambancin milimita biyu ko uku a tsayin man da ke kwano ya isa ya karkatar da wannan haɗi, injin ya koma shan mai fiye da kima, ko kuma ya riƙa shaƙewa saboda ƙarancinsa. Sau da yawa akan yi ta juya notin sulo, a sauya fulogi, a wanke jet, alhali ciwon yana kwance a cikin kwano. Tun da farashin fetur ya tashi bayan cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023, man da ke ɗiga ƙasa dare da rana asara ce da mai babur ke ji a aljihunsa, ban da haɗarin gobara da ke tattare da shi.

Yadda abin yake aiki

Mai yana gangarowa daga tanki, ya bi ta makullin mai, ya bi tiyo, sannan ya shiga kafireto ta wata 'yar ƙofa ta tagulla. A bakin ƙofar akwai allura mai tsinin roba ko na ƙarfe, a ƙarƙashinta kuma akwai fulot, wani abu maras nauyi na roba ko na tagulla da ke yawo a kan mai, yana lilo a jikin ɗan siririn ƙarfe. Idan kwano ya yi ƙasa, fulot ya sauka, allura ta biyo shi, ƙofa ta buɗe. Idan mai ya cika, fulot ya taso ya tura allurar ta toshe ƙofar. Wanda ya taɓa leƙa tankin ruwan bayan gida na zamani ya ga irin wannan dabara. Akwai kuma wata kafa ta shan iska da ke haɗa saman kwanon da iskar waje, da wani siririn bututu a tsaye cikin kwanon mafi yawan babura, wanda ke zubar da rarar mai ƙasa idan ya wuce iyaka.

Daga wannan bayani za a ga cewa tsayin mai ya dogara ne a kan abu huɗu: mai ya iso da yawansa, allura ta rufe ruf, fulot ya kasance da nauyinsa na asali, sannan tsayin fulot ya kasance daidai. Na ƙarshen nan shi ne wanda ya fi wuyar lalacewa da kansa, amma shi ne wanda mutane suka fi gaggawar taɓawa. Shawarata ita ce kada a lanƙwasa komai a jikin fulot sai an tabbatar da lafiyar sauran ukun.

Alamomin da ke nuna inda matsalar ta karkata

Idan mai ya yi yawa, za a ji warin fetur a kusa da injin ko da a kashe yake, a ga ɗigo a ƙasa, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, injin ya yi wuyar tashi idan ya yi zafi, kuma idan aka kwance fulogi a same shi baƙi ƙirin da kunkunniya, wani lokaci a jiƙe. Idan mai ya yi ƙasa kuwa, injin zai iya tashi ya yi sulo lafiya, amma da zarar an ja totur sosai ko an hau tudu sai ya fara sarƙewa kamar man tanki ya ƙare, ya riƙa neman cok ko da ya ɗau zafi, fulogi ya yi fari fat. Janareto a wannan hali yakan riƙa hawa da sauka a ƙararsa, wutar fitila tana ƙaruwa tana raguwa. Ƙarancin mai ya fi yi wa injin illa a ɓoye, domin yana sa shi zafi fiye da kima, kuma a injin da iska ce kawai ke sanyaya shi hakan na iya ƙona bawul ko ya cinye kan fistin.

Ya kamata a sani cewa toshewar jet da ɓarakar iska a wuyan kafireto suna kawo alamomi irin na ƙarancin mai, haka nan filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana kawo alamomi irin na yawansa. Alama tana nuna hanya ne kawai, awo shi ke yanke hukunci.

Shiri kafin a fara

A yi aikin a buɗaɗɗen wuri, nesa da murhu, da mai shan taba, da mai walda, bayan injin ya huce. A ajiye bokitin yashi a kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kada a zuƙi fetur da baki. Kayan da ake bukata ba su da yawa: sukundireba mai kai lafiyayye, sufana lamba 10, filaya mai dogon baki, rula mai nuna milimita, kwalbar gilashi mai tsabta, farin ƙyalle da za a jera ƙananan kaya a kai, da tiyo garai-garai da ake ganin abin da ke cikinsa, tsawon kamar santimita 30. Sabon tiyon ƙarin ruwa da ake sayarwa a kemis yana wadatarwa ga awo na ɗan lokaci, ko da yake fetur zai busar da shi daga baya.

Mataki na farko: a duba abin da ke cikin kwano

A rufe makullin mai, a tara kwalba a ƙarƙashin kafireto, a sassauta notin zubar da mai da ke gindin kwano, a bar duk abin da ke ciki ya zubo. A ɗaga kwalbar a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka zai kwanta a ƙasa a dunƙule kamar ƙwayar dutsen ado, kuma tare da shi za a iya ganin jan garin tsatsa ko baƙin ɓarɓashin tiyo da ya fara ruɓewa daga ciki. Ƙwayar datti da ido ke gani da ƙyar ta isa ta hana allura rufewa. Man da ake saye a galan a bakin titi, musamman da damina, shi ne babbar hanyar da ruwa da yashi ke shiga tanki. Akwai kuma gurɓataccen mai: a watan Fabrairun 2022 hukumomi a Najeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da metanol fiye da kima, kuma irin wannan sinadari yana kumbura roba, yana kuma jawo ruwa.

Yanzu, notin yana a sassauce, a buɗe makullin mai. Ya kamata mai ya zubo a miƙe ba tare da yankewa ba. Idan ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, a buɗe murfin tanki. In zubar ta dawo nan take, to ƙaramar kafar iska da ke jikin murfin ce ta toshe, kuma wannan kaɗai yana sa babur ya mutu bayan tafiyar 'yan kilomita, ya tashi bayan an huta. In ba ta dawo ba, a duba ragar da ke cikin makullin mai, da ɗan kofin da ke tara datti a ƙasansa, da filta, da tiyon da ya lanƙwashe ko ya matse. Wasu babura suna da makulli mai aiki da zuƙar injin, wanda ba ya sakin mai sai injin na juyawa, don haka kada a yanke masa hukuncin lalacewa alhali injin a kashe yake.

Wannan zubarwa kan magance matsalar ambaliya a wasu lokuta, domin idan kwano ya zama fanko allura takan buɗe gaba ɗaya, man da ya kwararo ya wanke dattin da ya maƙale. A ɗaure notin, a ɗan ƙwanƙwasa kwanon a hankali da ƙotar sukundireba, a jira minti biyar. Idan ɗigon ya tsaya, datti ne ko maƙalewar allura, kuma zai dawo matuƙar ba a wanke tanki an sa filta ba.

Mataki na biyu: a auna tsayin mai ba tare da kwance komai ba

Wannan awo shi ne mafi gaskiya, domin yana nuna man kansa a inda ya tsaya. A kafa babur a tsaye cak a kan jak ɗinsa na tsakiya, a daidaitaccen wuri. A cire baƙin tiyon da ke gindin kwano, a sa tiyo mai haske a madadinsa, a lanƙwaso shi sama a jingina shi da jikin kafireto, bakinsa a buɗe yana kallon sama. A buɗe makullin mai, a sassauta notin zubarwa. Mai zai hau cikin tiyon har ya tsaya daidai da wanda ke cikin kwano. A ɗan ɗalli tiyon da yatsa domin kumfar iska ta fita, kuma kada a riƙa ɗaga shi ana saukewa, domin idan aka sauke shi sannan aka ɗaga, man da ke ciki zai koma kwano ya nuna tsayin da ba na gaskiya ba.

A yawancin kafireton babura man yana tsayawa ne daf da layin da kwano ya haɗu da jikin kafireto, ko 'yan milimita ƙasa da shi, kuma ainihin adadin yana cikin littafin gyaran kowane inji. A yi alama da biro a jikin tiyon, a zuba masa ido na minti goma. A nan ne amfanin wannan awo yake fitowa. Idan man ya tsaya cak amma a sama da inda ya dace, to allura tana rufewa, laifin na fulot ne ko na tsayinsa. Idan man yana ta hawa sannu a hankali ba ya tsayawa, to allura ko mazauninta ne ke yoyo, kuma lanƙwasa fulot ba zai taɓa magance wannan ba. Idan ya tsaya a daidai, a tayar da injin a ja totur na ɗan lokaci. In man ya riƙa sauka ba ya komawa, to abin da ke shigowa bai kai abin da ake ƙonawa ba, sai a koma kan hanyar mai. Idan kuwa man yana daidai a kowane hali amma har yanzu ana ganin ɗigo bayan an mayar da komai, to yoyon daga gaskit yake, ko notin zubarwa, ko bututun rarar mai ya tsage.

Injin Honda GX160 da ire-irensa na China da ke kan janareto da injin ban ruwa ba su da bakin da za a sa tiyo, sai noti kawai. A irin waɗannan sai a wuce mataki na gaba.

Mataki na uku: a buɗe kwano

A rufe mai, a zubar da na kwano, a kwance kafireton, a goge bayansa kafin a buɗe cikinsa. Notocin kwanon babur suna da laushin kai, saboda haka a danna sukundireba sosai kafin a juya. A injin GX kuwa noti ɗaya ne lamba 10 a tsakiyar gindi yake riƙe da kwanon. A ɗauki hoto da waya kafin a cire komai. A zare siririn ƙarfen da fulot ke lilo a kai, a tura shi a hankali ba tare da duka ba, domin ƙafafu biyun da ke riƙe da shi na ƙarfe mai saurin karyewa ne, kuma idan ɗaya ta karye kafireton ya tashi aiki. A ɗago fulot tare da allurarsa, a lura da yadda 'yar wayar da ke saƙale su take zaune.

A fara da allura. A kalli tsininta a hasken rana: idan akwai zobe da ya zagaye shi wanda farce ke iya ji, ko robar ta bushe ta yi tauri, ko ta kumbura, a sauya ta. A ɗaya ƙarshen, a allurar babura da yawa, akwai ɗan ƙaramin tsinke mai sifirin a ciki. A danna shi da farce, dole ya shiga ya dawo da kansa. In ya maƙale a ciki, mai zai tsaya sama da inda ya dace, kuma girgizar hanya za ta riƙa buɗe ƙofar. Sannan a leƙa mazaunin allurar. A goge shi da audugar goge kunne da aka tsoma a fetur, in ya yi kore ko ya dafe a sa ɗan man goge baki a murza a hankali, a wanke tas. Kada a zura waya ko allurar ɗinki a ciki, domin ƙarzanen da za ta bari shi zai zama sabuwar hanyar yoyo. Inda mazaunin irin wanda ake zarewa ne, akwai zoben roba a jikinsa, kuma idan ya tsufa mai yakan bi ta gefe ya cika kwano ko da allura sabuwa ce fil.

Sai fulot. A kaɗa shi kusa da kunne. In an ji motsin ruwa a ciki, ya huje. Na tagulla ana tsoma shi cikin ruwan zafi da aka riga aka sauke daga wuta, iskar ciki ta buɗe, kumfa ta fito daga inda hujin yake. Akwai kuma baƙin fulot da ba shi da rami a ciki, wanda ke tsotsar mai idan ya tsufa har ya yi nauyi ba tare da an ga wata alama ba, sai an gwada shi da sabo a hannu ko a ƙaramin sikeli. Fulot mai nauyi yana nutsewa, mai ya haura. Ana iya like na tagulla da dalma bayan an busar da cikinsa, amma dalmar tana ƙara masa nauyi, kuma a ganina sabo ya fi kwanciyar hankali. A duba kuma ko gaskit ya kumbura ya leƙo ciki yana goga fulot, ko kwanon ya loɓa.

Kwanon kansa a riƙe shi a tsaye, a zuba masa fetur har kusa da bakin bututun rarar mai, notin zubarwa a ɗaure. Idan ƙasa ta fara ɗiga, to bututun ya tsage a tsaye ko notin ba ya rufewa. A ƙarshe a hura kafar shan iska da tiyonta. Zanzaro yana son gina gidansa na laka a bakin irin wannan tiyo idan inji ya daɗe a ajiye, kuma toshewarta tana rikita tsayin mai ta yadda duk wani awo zai zama banza.

Mataki na huɗu: awon tsayin fulot da daidaita shi

A mayar da allura da fulot. Kafin awo, a sa tiyo mai tsabta a bakin shigar mai a hura da baki: idan kafireton yana tsaye fulot na rataye, iska za ta wuce; idan aka kife shi, dole ta tsaya cik da nauyin fulot kaɗai. In tana wucewa, aikin allura bai ƙare ba.

Wurin awo ne aka fi yin kuskure. Idan aka kife kafireton gaba ɗaya, nauyin fulot zai danne tsinken sifirin, awon ya fito ƙasa da gaskiya. Abin da ya dace shi ne a riƙe shi a gicciye, fulot na lilo, a riƙa karkatar da shi sannu a hankali har ɗan harshen ƙarfen da ke jikin fulot ya taɓa tsinken ba tare da ya danna shi ba. A wannan matsayi a auna daga leɓen da gaskit ke zama, bayan an cire gaskit ɗin, zuwa ƙololuwar fulot. Idan fulot ɗin tagwaye ne, a auna kowane ɓangare, domin ɗaya na iya karkacewa. A Honda GX160 adadin shi ne milimita 13.7, kuma fulot ɗinsa roba ne gaba ɗaya, ba a gyara shi, in awo ya saɓa sai a sauya allura ko fulot. Ɗumama harshen roba da ashana don a lanƙwasa shi, kamar yadda wasu ke yi, yana ɓata kayan ne kawai, kuma kusa da fetur ganganci ne.

Inda harshen na ƙarfe ne, ana lanƙwasa shi da bakin ƙaramar sukundireba, bayan an cire fulot ɗin don kada a danne tsinin allura. A riƙe wannan ƙa'ida: ƙaruwar adadin awo tana nufin raguwar mai a kwano. Idan aka tura harshen wajen allura, ƙofa za ta rufe da wuri, mai ya yi ƙasa. Idan aka janye shi daga allura, mai ya ƙaru. Harshen yana kusa da inda fulot ke lilo, saboda haka motsin da bai kai rabin milimita ba a wurinsa yakan zama ninkin-ba-ninkin a ƙarshen fulot. A taɓa kaɗan, a mayar, a sake aunawa. Hannuwan da ke riƙe da fulot ba wurin lanƙwasawa ba ne.

Idan za a sayi sabuwar allura, a tafi kasuwa da tsohuwar, a jera su gefe da gefe. Akwai masu kama da juna amma tsawonsu ya bambanta da milimita guda, kuma wannan ya isa ya sauya tsayin mai, don haka a sake awo duk lokacin da aka sa sabuwa.

Mataki na biyar: haɗawa da gwaji

A sa sabon gaskit idan tsohon ya bushe ko ya miƙe, ba tare da shafa gam ba, domin fetur yana narkar da shi ya koma ya toshe jet. A ɗaure notoci bi da bi ba da ƙarfin tsiya ba. A buɗe mai, a maimaita awon tiyo, a bar injin a kashe da makulli a buɗe na rabin awa a kan busasshiyar ƙasa ko kwali. Sai bayan wannan ne ya dace a taɓa notin sulo da na iska, injin yana da zafi, sannan a yi tafiya a sake duba fulogi. Launin ƙasa-ƙasa shi ake nema.

Duk injin da ya yi ambaliya, a duba baƙin mansa kafin a ci gaba da aiki da shi. Fetur yakan bi ta bawul ya gangara cikin injin, musamman a janareton da aka bar makullinsa a buɗe ko aka ɗauko shi a karkace a bayan mota. Idan man ya ƙaru a ma'auni, ya tsinke, yana warin fetur, a juye shi a zuba sabo. GX160 yana cin kimanin lita 0.6. Idan kuma igiya ko kik ya ƙi juyawa, kada a tilasta, a cire fulogi, a kashe makunni, a nisanta hular fulogin daga ramin, sannan a juya injin fetur ɗin ya fito.

Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, suna da ƙarin abu ɗaya, wato famfon mai. Allurarsu an yi ta ne don matsin da bai kai rabin "bar" ɗaya ba ("bar" ma'aunin matsi ne), yayin da famfon lantarki na motoci masu injekta ke bayar da kimanin "bar" 3. Idan aka ɗaura wa motar kafireto irin wannan famfo, zai banke allurar komai lafiyarta.

Bayan an gama gyara, a wanke tanki idan an ga tsatsa, a sa ƙaramar filta a tsakanin makulli da kafireto, kuma a riƙa rufe makullin mai duk lokacin da za a kwana. Injin ban ruwa da za a jingine idan damina ta faɗi, da janareton da zai yi wata guda ba a tayar ba, a zubar da man kwanonsu kafin a ajiye, domin fetur idan ya bushe a ciki yana barin danƙo da ke manne allura, ko a buɗe ko a rufe.